Gwiwar hannu da ta sandare

Miƙe hannunka. Yanzu lanƙwasa shi har ka taɓa kafaɗarka. Wurin da ya lanƙwashe shi ne gwiwar hannu. Ƙasusuwa 3 suka haɗu a nan: ɗaya ya sauko daga kafaɗa, biyu sun nufi wuyan hannu. Wata jaka mai taushi ta lulluɓe mahaɗarsu.

A Korahane yara kan faɗo daga kan jaki, ko amalanke, ko itacen aduwa. Hannun da yaro ya dafa ƙasa da shi yakan karye dab da gwiwa. Sai a yi ɗori. Ƙashi ya kama, amma in hannun ya daɗe a ɗaure, jakar nan takan yi kauri ta tsuke, kamar ɗanyar fatar da aka bari a rana. Wani lokaci sabon ƙashi ke tsirowa inda bai kamata ba. Ga hannu ya warke, amma lomar tuwo ba ta kai baki! Kada a ja shi da ƙarfi, ɓarna yake ƙarawa.

Da farko likita yakan ɗauki hoton ƙashi, ya koya wa yaro motsa hannun a hankali kowace rana. Da yawa suna samun sauƙi da haka. In watanni sun shuɗe babu ci gaba, sai a yi maganar fiɗa. Ana tura yaro asibitin Dakoro, daga nan Maradi ko Yamai. A Yamai akwai asibitin CURE, wanda aka buɗe a 2010, inda ake yi wa yara aikin ƙashi.

Ana sa yaro barci. Likita ya tsaga fata, ya yanke jakar da ta tsuke, ya cire ƙashin da ya tokare. Yana kiyaye wata jijiya, wadda in ka bugi gwiwa kake jin zirr har ƙaramin yatsa.

Bayan fiɗa ba a barin hannun ya huta da yawa. Cikin ƴan kwanaki ake fara motsa shi, ko da ciwo, har tsawon watanni. In aka yi sakaci, sai ya sake sandarewa.

Tambayoyi
1. Ƙasusuwa nawa suka haɗu a gwiwar hannu?
2. Me ke hana ta lanƙwasa bayan karaya?
3. Riƙe hannunka a miƙe, ka gwada sa hula. Waɗanne ayyuka ne kuma za su gagare ka?