Wilin Sa'a: Darasi a kan Hoton Wani Kati

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta kawo wa matasanmu wani abu da iyayensu ba su sani ba. Sukan ga mace ko namiji a bidiyo yana baza katuna masu hotuna a kan tebur, yana ɗaga ɗaya, yana cewa aure ya kusa ko kuwa kuɗi suna tafe. Sunan katunan nan tarot, ana furta shi "taro", ko da yake ba abin da ya haɗa shi da taron jama'a. Tun da yake a cikin hotunan akwai Paparoma da mala'ika mai busa ƙaho, waɗansu sun ɗauka abin na addini ne. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗauki kati ɗaya, na goma a jerin manyan katunan, wanda ake kira Wilin Sa'a, mu dube shi da kyau.

Asalin tarot wasan karta ne. An fara ambatonsa a rubuce a Italiya wajen shekara ta 1440, a fadojin sarakuna da gidajen attajirai. Katuna 78 ne, 56 irin na karta da muka sani, sauran 22 masu hotuna. Wani mai wa'azi na ƙarshen wancan ƙarni ya la'anci wasan ƙwarai, amma saboda caca. Bai ce komai ba game da duba. Har yau mutanen Faransa suna buga shi don nishaɗi kurum.

Kati mafi daraja na irin wannan yana cikin waɗanda aka zana wa gidan Sforza, masu sarautar Milan, a tsakiyar ƙarni na 15. A tsakiyarsa ga wata mace mai fikafikai, an ɗaure mata idanu. Ita ce Fortuna, wato Sa'a, wadda Romawan dā suke bauta wa. Kewaye da ita ga wili kamar ƙafar amalanke, da mutum huɗu a jikinsa. Na farko yana hawa, rubutun da ke bakinsa yana nuna zai yi sarauta. Na biyu yana zaune a ƙoli, yana cikin sarauta. Na uku ya juyo, kansa ƙasa, tasa ta wuce. Na huɗu tsoho ne mai farin gemu da tsummoki, yana rarrafe a ƙarƙashin wilin, ba shi da komai. Sai mu lura da abin da mai zanen ya ƙara: wanda ke zaune a ƙoli kunnuwan jaki gare shi, mai hawa kuma nasa sun fara tsirowa. Wannan ba'a ce a fili, kuma a hannun sarakuna aka sa ta. Cewa ake yi wanda ya zauna a bisa abin da yake juyawa, ya ɗauka kujera ce, hankalinsa bai fi na jaki ba. Tsohon da ya rasa kome shi kaɗai ne ya fito da siffar mutum sosai. Ɗaurin idon Sa'a kuwa yana nuna ba ta duba cancanta. Mu ma kakanninmu sun san haka da suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Masu karta ba su ne suka ƙago hoton ba. A coci suka gan shi. Babbar tagar da ke gaban cocin San Zeno a Verona wili ce irin wannan, da mutane suna hawa suna faɗuwa. Akwai makamanciyarta a cocin Waliyyi Istifanus a Beauvais ta Faransa, da kuma a daɓen babbar cocin Siena. Mutanen da ba su iya karatu ba suna karanta wa'azin nan tun daga ƙofa.

Wanda ya shigar da hoton cikin tunanin Kiristoci shi ne Boetiyus, Baromen da ya hau wilin da kansa. Ya kai babban muƙami a fadar Sarki Teodorik, har a shekara ta 522 aka naɗa 'ya'yansa biyu a kujera mafi girma ta Roma a rana ɗaya. Shekara guda bayan haka aka zarge shi da cin amana, aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi a Pabiya. A tsare ya rubuta littafinsa game da ta'aziyyar da hikima take bayarwa. A ciki ya nuna cewa juyawa ita ce halin Sa'a, don haka wanda ya hau ba shi da hujjar kuka idan an sauke shi. Ya ƙara da cewa rashin sa'a ya fi sa'a amfani, gama shi ne yake tone wa mutum abokansa na gaskiya. Amma muhimmin abin da ya koyar yana a cibiyar wili. Gefe shi ne yake gudu. Duk abin da ya matso kusa da cibiya, juyinsa yana raguwa. Cibiyar kanta ba ta gusawa. Cibiyar nan, a wurinsa, tanadin Allah ne.

To, yaya aka yi wa'azi ya zama kayan duba? A shekara ta 1781 wani malami mai suna Court de Gébelin ya wallafa a Faransa cewa katunan ɓoyayyen littafi ne na limaman Masar ta dā. Ba shi da shaida ko ɗaya, kuma a lokacin ba wanda ya iya karanta rubutun Masar, sai a 1822 aka warware shi. Duk da haka zancen ya karɓu, masu duba na Paris suka kama sana'a. Katin da aka fi nunawa a wayoyi shi ne wanda aka buga a Landan a 1909, Arthur Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana. A cikinsa an kawar da mutum huɗun nan da kunnuwan jaki, an sa gumakan Masar da maciji, an rubuta haruffa huɗu na sunan Allah da Ibrananci a jikin wilin. A kusurwoyi kuma ga mutum da gaggafa da zaki da bijimi, kowanne da fikafikai da littafi. Waɗannan namu ne: su ne talikan da Annabi Ezekiyel ya gani a sura ta 1, waɗanda Ikkilisiya ta mai da su alamun Matiyu da Yahaya da Markus da Luka. Aro aka yi, aka cakuɗa su da abin da ba su da dangantaka da shi. Ita mai zanen, shekara biyu bayan haka, ta shiga Ikkilisiyar Katolika.

A ganinmu, babbar hasarar tana cikin fassarar da ake ba katin yau. Idan ya fito, sai mai duba ya ce wa mutum lokacinsa ya zo, wilin zai ɗaga shi. Ke nan hoton da aka zana don a ja kunnen mai hawa, an mai da shi abin kwaɗaitar da mutum ya hau. Matashin da ya gama makaranta ba aiki, ko matar da ta daɗe ba haihuwa, su ne suke biyan kuɗin wannan albishir, su koma suna jiran juyin da ba wanda ya yi musu alkawarinsa.

Duban hoton da nazarin tarihinsa ba laifi ba ne, haka ma wasan idan ba caca a ciki. Neman sanin gobe ta wurinsa shi ne Ikkilisiya ta hana. Katikisim na 1992, a sakin layi na 2116, ya ƙi kowane irin duba, har da na taurari da na tafin hannu, domin ya saɓa wa girmamawar da ta dace da Allah shi kaɗai; Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ta riga ta faɗi haka. Hukuncin ɗaya ne ko a waya aka baza kati, ko a zauren boka aka buga ƙasa.

Boetiyus kuwa wilin bai sake ɗaga shi ba. An kashe shi wajen shekara ta 524. Kabarinsa yana Pabiya, a coci ɗaya da ƙasusuwan Waliyyi Agustin. Paparoma Liyo na 13 ya tabbatar da girmama shi a 1883, ana kuma tunawa da shi ran 23 ga Oktoba.