Ga Mai Karatun Dokar Kamfanoni

Ɗalibi, fara da shari'ar 1897 ta Salomon, wani mai sana'ar takalma a Ingila. A nan aka tabbatar cewa kamfani daban, mai shi daban. Bashin kamfani ba ya hawa wuyan mai shi. Haɗin gwiwa na gama-gari kuwa ba haka yake ba: abokin kasuwancinka ya ciyo bashi da sunan shagonku, kai ma sai a biyo ka har gida. Ka zauna kan wannan bambancin sai ya shige ka sosai.

Kada ka dogara da tsohon littafi. A Najeriya, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta maye gurbin ta 1990, har ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar ƙaramin kamfani. Nemi kwafinta, ka karanta sassanta da idonka.