Motarka ta Dizal Ta Rage Ƙarfi? Duba Waɗannan Kafin Gareji

Ka taka totur a hanyar Tambuwal zuwa Kebbe amma mota na nishi? Kada ka yi saurin canza famfon mai. Bi ta kamar yadda muke farautar matsala a manhaja: ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha.

1. Filtar iska: ƙurar hunturu ke toshe ta. Alamarta baƙin hayaƙi.
2. Filtar mai: datti ko ruwa a man jarka kan shaƙe mota a hawa.
3. Tiyon turbo: in ya tsage, za ka ji fito.

In ƙirar Turai ce daga 2004, jona ELM327, haɗa da manhajar Torque ta Bluetooth. P0299 ƙarancin iskar turbo ne. P0087 ƙarancin matsin mai. Nuna wa bakanike lambar kafin ya kwance inji.