Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Gane Ɗan Kwangila Mai Amana?

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Kano. Shekara shida ina zubin adashi don in ɗora bene a kan gidan da muka gada. Maƙwabcinmu ya kawo mini wani magini, kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi, amma ya ce sai na ba shi rabi kafin ya kama aiki. Hankalina bai kwanta ba. Ta yaya zan gane wanda ya san aiki kuma ba zai ci amanata ba?

Amsa: Malama, Allah Ya sa wa wannan gumi naki albarka. Kin yi daidai da kika dakata, domin gini ba kamar atamfa ba ne da za a mayar kasuwa idan ba ta yi ba.

Kafin maganar magini ma, akwai wanda ya kamata ya fara taka gidan, wato injiniyan gini. Gidan da aka gina don ya tsaya a ƙasa ba lallai harsashinsa ya iya ɗaukar bene ba. Injiniya ne zai sa a tona gefen harsashin, ya duba ko akwai ginshiƙai, ya faɗa miki gaskiya. Daga nan sai a yi zane, a kai wa hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince. Kada kowa ya ce miki wannan ɓata kuɗi ne. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a watan Nuwamban 2021 ya ci rayuka fiye da 40, haka makarantar da ta faɗa wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024 ta bar iyaye da kuka. Rai ne za ki kwantar a ƙarƙashin dakin, wato kankaren da za a zuba a matsayin daɓen benen.

Sai ki tantance masu aikin. A Nijeriya injiniyoyi suna rajista da hukumar COREN, ƙwararrun magina da CORBON, masu zanen gine-gine kuma da ARCON. Ki nemi lambar rajista, ki tabbatar da ita. Idan maginin ya ce kamfani gare shi, ki duba sunan a wurin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Birkila komai gwanintarsa yana buƙatar wanda zai tsaya a kansa a aikin bene.

Takarda kaɗai ba ta isa ba, gani ya kori ji. Ki ce ya nuna miki gidaje biyu ko uku da ya gina, musamman waɗanda suka sha damina biyu ko fiye, domin ruwan sama ne ke tona asirin magini. Ki dubi bango ko ya tsage, ki dubi silin ko akwai tabon yoyo. Sannan ki keɓe da masu gidan, ba a gabansa ba, ki tambaye su: ya gama a kan lokaci? Ya dawo neman ƙari? Da aka kira shi gyara, ya zo?

Game da sauƙin kuɗinsa kuwa, araha ba ta ado. Ki karɓi lissafin mutum uku a rubuce, kowa ya bayyana buhun siminti nawa, rodi mai kaurin milimita nawa, bulo inci tara ko inci shida. Wanda ya faɗo ƙasa sosai, a jikin kayan zai fanshe: ya sa rodi 12 inda zane ya ce 16, ko ya cika yashi ya rage siminti.

Kada ki ba da rabi a dunƙule. Ki ba da ɗan kafin alƙalami, sauran kuma mataki-mataki: bayan ginshiƙai, bayan dakin, bayan linta, bayan rufi, kowanne sai injiniya ya duba ya gamsu. Ranar zuba dakin ki sa a ƙirga rodi kafin kankare ya rufe shi, a riƙa ba kankaren ruwa aƙalla kwana 7, kada kuma a yi gaggawar cire katakon da ke tokare da shi, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. Ki riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin har wata shida bayan kammalawa, saboda gyaran abin da zai ɓullo.

Duk wannan a rubuta shi, da ranar farawa da ta gamawa, ku sa hannu gaban shaidu, biyan kuɗi kuma ta banki. Kada kunyar maƙwabci ta hana ki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Mai gaskiya ba ya gudun alƙalami. Idan wannan magini ya amince da sharuɗɗan nan, ki gwada shi. Idan ya fara kame-kame, ki sallame shi cikin mutunci, ki nemi wani. Allah Ya sa ki shiga gidanki lafiya.