Jirgin Ruwan Gaɓar Norwe

In kun duba taswirar Turai, can sama wajen arewa maso yamma za ku ga wata ƙasa doguwa siririya ta kwanta a bakin teku. Sunanta Norwe. Ƙasar duwatsu ce, gaɓarta kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce. Teku ta shiga tsakanin duwatsun lungu-lungu, wani lungun sai a yi mil 100 ana tafiya cikinsa ba a kai ƙarshe ba. Irin wannan lungu shi a ke kira fiyod. Ga kuma tsibirai dubbai sun yi jere a gaban gaɓar. Saboda haka yin hanyar mota a wurin da wuya ƙwarai, hanyar jirgin ƙasa ma da ta taso daga kudu ta tsaya a wani gari wai shi Bodo. Mutanen arewacin ƙasar tun kaka da kakanni teku ce hanyarsu.

A dā mutanen nan suna cikin wahala. In aka aika da takarda daga birnin Trondheim zuwa Hammerfest, can ƙuryar arewa, takan yi mako uku a hanya lokacin zafi, da hunturu kuwa sai ta yi watanni. Dalili shi ne jirage ba su yarda su yi tafiyar dare ba. Duwatsu suna ɓoye ƙarƙashin ruwa, hasumiyoyin fitila masu nuna hanya kuma kaɗan ne. Ga shi da hunturu a can dare ya fi rana tsawo nesa ba kusa ba.

Sai wani kyaftin mai suna Richard With, shi da jagoran jirginsa Anders Holthe, suka yi dabara. Duk sa'ad da suka bi hanyar da rana, sai su rubuta inda kamfas ya nuna, da yawan mintocin da jirgi ya yi daga wannan dutse zuwa wancan. Suka yi ta yin haka har littafinsu ya cika. To, ko da duhu ya rufe, kyaftin sai ya dubi kamfas, ya dubi agogo, ya san lokacin da zai karkata dama ko hagu. Da wannan ilmi ya tashi daga Trondheim cikin watan Yuli 1893, a jirginsa mai suna Vesteraalen, ya isa Hammerfest kafin kwana uku su cika. Aka sa wa hanyar suna Hurtigruten, watau hanya mai sauri.

Har yanzu jiragen suna tafiya, amma hanyar ta ƙara tsawo. Suna tashi daga Bergen a kudu, su ƙare a Kirkenes kusa da iyakar Rasha. Nisan ya fi mil 1,400, watau kamar ninki biyu na tafiyar jirgin ƙasa daga Legas zuwa Kano. Tashoshi 34 ne a hanyar, zuwa da dawowa kuwa kwana 11 ne. Tun 2021 kamfani biyu ke aikin, Hurtigruten da Havila.

Baƙi da yawa sukan biya kuɗin tafiyar duka, a ba su ɗaki da abinci da mai yi musu jagora. Amma akwai mai tafiya shi kaɗai, ba ya cikin ayarin kowa, kuma a ganina shi ya fi sanin ƙasar. Yakan sayi tikiti daga wannan tasha zuwa waccan, kamar yadda mutanen wurin su ke yi. In gari ya yi masa, sai ya sauka da jakarsa ya kwana, ya jira jirgi na gaba. In tafiyar gajeriya ce ba ya ko kama ɗaki, sai ya zauna a kujera tare da masunci mai komawa gida, da tsohuwa mai zuwa asibiti, da ɗalibi mai komawa makaranta.

Sai dai dole ya riƙe agogo, kamar yadda Kyaftin With ya riƙe. A manyan garuruwa jirgi yakan tsaya awa biyu ko uku, mutum ya shiga gari ya yi kallo. A ƙananan tashoshi kuwa minti 10 ne ko 15. A buɗe ƙofa a gefen jirgi, a sauke buhuna da akwatuna, a ɗora kifi, a rufe, sai tafiya. Wanda ya tsaya sayen burodi ya makara, sai ya hangi jirginsa yana ƙanƙancewa a kan ruwa, wataƙila ma da kayansa a ciki.

Za ku ce, ai mutum ya iya duban rana ya san lokaci. A nan ne abin mamakin ya ke. Kafin a kai Bodo jirgi yakan ƙetare wani layi da masana suka zana a taswira, sunansa Da'irar Aktik. Ba a ganinsa a kan ruwa, amma an kafa siffar duniya ta ƙarfe a kan wani ɗan tsibiri don alama. Arewa da layin nan akwai kwanakin da rana ba ta faɗuwa sam. A birnin Tromso tun daga wajen ƙarshen Mayu har wajen ƙarshen Yuli haka a ke, rana ta sunkuyo kamar za ta faɗi, sa'an nan ta sāke tashi. Ƙarfe 12 na dare mutum ya karanta littafi a waje ba fitila. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa ko kaɗan, sai ɗan haske kamar na almuru da tsakar rana. A lokacin ne a kan ga wani haske kore yana rawa a sararin sama da dare, ana ce masa hasken arewa. Musulmin da ke zaune a Tromso ma da yawansu lokacin Makka su ke bi wajen azumi, in ya zo cikin irin waɗannan kwanaki.

Daga Bodo sai jirgi ya ratsa wani faffaɗan ruwa zuwa tsibiran Lofoten. In iska ta taso a nan, jirgi ya yi ta tangaɗi, wanda bai saba ba sai jiri da tashin zuciya. Amma da an matso, sai ga duwatsu baƙaƙe masu tsini sun fito daga cikin teku kamar ganuwa, ƙauyukan masunta suna maƙale a gindinsu.

A nan ya kamata matafiyi ya sauka, don akwai abin da ya shafe mu. Kowace shekara da hunturu wani kifi da Turawa ke kira kod yakan gangaro daga arewa ya zo Lofoten ya yi ƙwai. Masunta su kama shi, su cire kai da kayan ciki, su ɗaure bibbiyu ta wutsiya, su rataye a kan manyan ragayu na itace. Ba gishiri, ba hayaƙi, ba wuta. Iska mai sanyi ce kaɗai ke aikin, daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, har kifin ya bushe ya yi tauri kamar icce. Sanyin wurin daidai ne, bai yi yawan da zai ɓata naman ba, bai kuma yi ƙarancin da ƙuda zai sauka ba. Mafi kyaunsa Italiya a ke kaiwa. Kawunan kuwa, da wani kashi na kifin, Nijeriya su ke zuwa. Shi ne busasshen kifin nan da Ibo ke kira okporoko, wanda a ke sa wa a miya. In kun gan shi a kasuwa, ku san daga ina ya taso.

Kusa da nan akwai wani lungu, Trollfjord, wanda bakinsa bai fi yadi 100 da 'yan kai ba. In yanayi ya yi kyau kyaftin yakan shiga da jirgi, ya juya a ciki, duwatsu dama da hagu kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Bayan Tromso sai itatuwa su yi ta raguwa, garuruwa su yi ta nisa da juna. Wannan yanki shi ne Finnmark. Nan ne mazaunin mutanen Sami da yawa. Waɗansunsu makiyaya ne, suna kiwon wata irin barewa mai ƙaho rassa-rassa, suna kai ta bakin teku lokacin zafi, su koma cikin ƙasa da hunturu, kusan kamar yadda Fulani ke yi da shanu. Baƙo zai lura tsofaffin gidaje ba su da yawa a nan. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944 da 1945, sojan Jamus da za su janye sun ƙone kusan dukan garuruwan yankin, har da Hammerfest. Bayan yaƙi mutane suka komo suka sāke gini.

Daga tashar Honningsvag a ke hawa mota zuwa wani dutse mai suna Nordkapp, wanda ya tsaya a tsaye bisa teku, tsawonsa kamar ƙafa 1,000. In ka tsaya a kansa ka dubi arewa, ba abin da za ka gani sai ruwa. Duk da haka tekun nan ba ta daskarewa, domin wani ruwa mai ɗumi yana malalowa cikin teku tun daga wajen Amurka, ya bi gaɓar Norwe. Ba don shi ba da ƙanƙara ta rufe tashoshin nan rabin shekara.

Daga nan jirgi ya juya gabas. Ya yi ta tafiya har garin Vardo, wanda in ka ja layi daga gare shi ka yi kudu sosai, kusa da Alƙahira za ka bi. Sa'an nan ya gangara Kirkenes, ya isa da hantsi. Awa kaɗan zai yi, a sauke kaya, a ɗora kaya, ya juya ya kama hanyar Bergen. Tashoshi da yawa da aka wuce cikin dare wajen zuwa, da rana a ke isa gare su wajen komawa.