Yadda Ake Shiga Jamhuriyar Benin Daga Ojoo

Tun da aka kafa Sabo a Badun cikin 1916, har Hausawa suka yawaita suka bazu zuwa Ojoo da Sasa, ba a rasa a cikinmu mai nufin ƙasar nan ta yamma da mu wadda kakanninmu suka sani da suna Dahome, aka sauya mata suna a 1975. Wani fatauci ke kai shi kasuwar Dantokpa a Kwatano, wani sada zumunci da dangi a Paraku ko Jugu, inda a da ayarin goro kan yada zango a hanyar Gwanja. Sai dai an yi wa jama'a gurguwar fahimta, cewa tun da babu biza to babu takarda, alhali kuwa yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta yafe wa ɗan Najeriya biza, ta halatta masa zaman kwana 90, ita ce kuma ta gindaya masa sharuɗɗa biyu: takardar tafiya mai inganci da shaidar rigakafi.

Farkon wajibi shi ne takardar tafiya. Mai fasfo ya duba ko wa'adinsa bai ƙare ba. Wanda ba shi da shi ya nufi ofishin hukumar shige da fice a Agodi, riƙe da lambarsa ta NIN, ya nemi ko dai fasfo ko kuwa takardar tafiya ta ECOWAS, wadda ke aiki shekara 2, ta kuma wadatar ga wanda safararsa ba ta wuce Afirka ta Yamma ba. Katin zaɓe ba ya maye gurbinta, kome rantsuwar da ɗan kamasho zai yi a tasha.

Na biyu shi ne katin nan rawaya na rigakafin cutar shawara, kuma a nan ne mafi yawan matafiya ke tuntuɓe, domin katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya bar lamarin sai jajibirin tafiya ya makara. Ana biyan kuɗin ta intanet, a karɓi allura da katin a ofishin lafiya na kan iyaka ko na filin jirgi, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ina yi wa 'yan'uwa nasiha da kakkausar murya, kada su sayi katin da aka cike ba tare da allura ba, gama yaudara ce a shari'a, ganganci ne kuma da rai, musamman ga mai tafiya da iyali.

Idan takardu sun kammala, sai zaɓen hanya. Daga tashar Ojoo ana bin Ikko, a sauya mota a Mile 2, a ratsa Badagari zuwa Seme, inda ma'aikatan ƙasashen biyu ke zaune a haraba guda tun 2018; mai nufin Porto-Novo kuwa, wadda ita ce hedkwatar ƙasar, Idiroko ta fi masa kusa. A yi asubanci, domin a isa iyaka rana na sama.

A can, lalle ne mutum ya tsaya da ƙafarsa a buga masa hatimi biyu, na fita daga Najeriya da na shiga Benin, ya kuma duba kwanan watan da idonsa kafin ya bar teburin. Masu babur za su kewaye shi suna yi masa tayin hanyar daji, wai ta fi sauƙi da araha. Wanda ya bi su ya shiga ƙasar mutane ba shi da hujja ko ɗaya a hannu, ranar da ɗan sanda ya tsayar da shi a Kwatano, da harshen Faransanci kuma, babu mai tsaya masa. Ya tanadi sunan maigidan da zai sauka wurinsa a unguwar Zango da lambar wayarsa, ya canji ɗan abin da zai kai shi gari zuwa sefa, ya ƙirga a gaban ɗan canji. Mai tafiya da motarsa yana bukatar ƙarin takardun mota, da inshorar ECOWAS, da izinin shiga na wucin gadi daga kwastan ɗin Benin.

'Yan'uwanmu mutanen Nijar da ke zaune a Sabo da Sasa su yi bincike a ofishin jakadanci kafin su tashi, tun da ƙasarsu ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma hukuncin takardunsu yana iya sauyawa.

A dawowa ma hatimi biyun nan wajibi ne, kuma kafin kwana 90 su cika. Kada arahar shinkafar waje da gwanjo a Kwatano ta ruɗi mai ƙaramin jari, domin kwastan ɗin Najeriya sun haramta shigo da su ta kan tudu, kuma shingayensu suna nan jere tun daga Seme har Badagari.