Mantuwar Tsofaffi

'Yan'uwa, a Birchi da ƙauyukan Kurfi muna da tsofaffin da mantuwa ta kama. Waɗansu sukan ce maita ce. Ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwa nama ce, tana tsufa kamar ido, sinadarin da ke kai saƙo cikinta kuwa yakan ragu.

A 1964 Malama Marian Diamond ta Jami'ar Kalifoniya ta nuna cewa ɓerayen da aka tara wuri ɗaya da abin wasa, ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya fi na waɗanda aka keɓe kauri. A 1985 ta ga haka har ga tsofaffin ɓeraye masu kwana 904.

Mutum ba ɓera ba ne. Amma mukan bar Baba shi kaɗai a ɗaki ran Lahadi, wai don yana maimaita magana.